Maki Biyar na Yin Shiru

Ranar farko da Madam ta shigo ajinmu ba ta ce mana komai a kan kwamfuta ba. Takarda ɗaya ta raba mana, ta koma ta jingina da tebur tana kallonmu muna karantawa. Muna shekara ta biyu a jami'a, can Toukra, kuma sunan darasin da Faransanci ya fi ƙarfin bakin rabinmu. Abin da ake nufi dai shi ne koyon tsara yadda mutum zai yi hulɗa da na'ura: ina zai danna, me zai gani, me zai sa ya gane, me zai sa ya ja tsaki ya ajiye. Takardar kuwa bayanin yadda za a raba maki ashirin na darasin ce.

Na saba da malaman da ke ɓoye ma'auninsu sai ranar sakamako. Ita wannan ta shimfiɗa nata a fili kamar mai atamfa a Babbar Kasuwa. Huɗu na zuwa aji da zanen takarda. Biyar na abin da ka ƙera. Shida na rahoto, inda za ka faɗi abin da idonka ya gani da abin da ka canza saboda shi. Sauran biyar ɗin ne suka tsaya mini a rai. An rubuta cewa ɗalibi zai ba wani mutum abin da ya ƙera ya gwada, ya ɗauke shi a bidiyo, a nuna wa aji, kuma makin ɗalibin zai zo ne gwargwadon shirun da ya yi. Ba nuni, ba bayani, ba taɓa wayar. Can ƙasa da ƙananan haruffa an ƙara cewa wanda aka ɗauka yana da ikon ya ce a goge bidiyon, in kuwa an goge, makin ya bi shi.

Sau uku na karanta layin. Tun ina firamare ake ba ni maki don na buɗe baki, yau ga wata za ta ba ni don na rufe shi. Na ɗaga hannu.

"Madam, yaya ake auna shiru?"

"Da agogo," in ji ta. "Da kunne kuma. Za ki gani."

Ni mai son jin ƙwaƙwaf ce tun ina ƙarama, kuma bakina ba ya gajiya, don haka abin ya ba ni dariya. Sai dai dariyar ba ta yi nisa ba. Darasin nan nauyinsa ya ninka na sauran, ni kuma zangon da ya wuce da ƙyar na sha. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga in ban sami goma a wurin Madam ba, shekarar zan maimaita gaba ɗayanta. Ni ce ta farko a gidanmu da ta taɓa haye kogin Shari da sunan karatun jami'a, kuma akwai dangin da tun ranar da na fara suke riƙe da “ai mun faɗa” a bakinsu, suna jiran ranar amfani da ita.

Kakan kakana ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka. Da ya iso nan sai ya yada zango don ya ɗan huta, hutun da har yau ba mu gama ba. Abin da ya bar mana shi ne Hausa a cikin gida, Larabci a bakin titi, da wuƙa a hannu. Baba mahauci ne a kasuwar Habbena. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Tun da Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, ni ce mai kula da shayinsa da kayansa da wayarsa.

Wayar ce ta ba ni abin da zan ƙera. Matan unguwa da masu gidan abinci kan aiko wa Baba sautun nama kowace safiya, wannan tana son hanta, waccan tsoka zalla, wata ƙashin miya. Da wayar ta yi ƙara sai ya miƙo mini ba tare da ya kalle ta ba, ya ce, "Uwata, duba mini." Da na fara sammakon tafiya Toukra sai saƙonnin suka riƙa taruwa, mace ta zo da rana ta tarar an sayar da hantarta. Na ce to, ga aiki ya samu.

Na zana saniya a fuskar wayar, na rarraba ta kashi-kashi, kowane kashi da launinsa. In wata ta yi sautun hanta, sai ƙaramar lamba ta fito a kan hantar, in ka danna sai sunanta ya bayyana. Da haruffan Larabci na rubuta komai, don Baba bai yi boko ba amma ya yi allo. Saniyar nan ta yi kyau, ba yabon kai ba. 'Yan ajinmu har layi suka yi suna danna mata ciki, ni kuwa kaina ya kumbura.

Da lokacin gwaji ya zo sai na kai wa Goggo, yayar Baba, don tana gida kullum kuma ba ta iya ce mini a'a. Tun kafin ta kalli wayar ta fara, "Tubarkalla, seme, seme, ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Ta ɗaga yatsa tana shawagi da shi a kan saniyar, ni kuma na ce, "Nan, Goggo." Ta danna. Ta sake ɗaga yatsa, na kama shi na kai shi inda ya kamata. Wallahi ko a raina bai zo cewa doka nake karyawa ba. A gidanmu ba a barin babba ya nemi abu. Kafin ya waiga neman buta an ajiye masa ita, kafin ya sunkuya an juya masa takalmi. Yarinyar da za ta tsaya tana kallon babba yana fama da abu, hannunta a sake, ba a ma tsayawa yi mata faɗa, gidansu ake tambaya. Na ƙara da maƙwabta biyu, su ma suka sa albarka. A rahoton wucin gadi na rubuta da gadara cewa ba a sami matsala ko ɗaya ba.

Ranar nunawa Madam ta zauna a gefe da biro, ta lumshe ido kamar mai gyangyaɗi, tana jan ɗan layi a takarda lokaci zuwa lokaci. Ina da awarwaro uku na azurfa da Inna ta bar mini, ba na cire su. Da bidiyon ya ƙare ta buɗe ido.

"Sau goma sha ɗaya hannunki ya shiga," in ji ta. "Ban ma sha wahalar kallo ba, awarwaronki ne ke faɗa mini. Sifiri."

Aji ya kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, in kuma raina ya ɓaci bakina ba ya neman izini.

"Madam, ko gyara babu? A rumfar babana ko rabin kilo mutum ya saya sai an ɗora masa ɗan yanki a sama."

Ta yi murmushi. "Ma'aunina ba shi da gyara. Goggon taki mahauciya ce?"

"A'a."

"To wa kika ƙera wa abin?"

"Babana."

"Shi za ki kai wa. Na ba ki mako biyu, kuma sau ɗaya nake ba da irin wannan dama." Ta juya ga sauran ajin. "Duk wanda ya kawo mini rahoton da ya ce ba matsala, ya gaya mini ne cewa bai kalla ba. Ni matsalar nake nema. Kuma ku riƙe wannan: in mutum ya kasa amfani da abinku, ba shi ya faɗi jarrabawa ba, abinku ne ya faɗi."

Maganar ta bi ni har cikin motar komawa gida. Na fara kallon abubuwan da na saba wucewa. Ƙofar ƙaramar bas ɗin da nake hawa ba ta buɗuwa sai an ɗan ɗaga ta sama kafin a ja, kuma duk wanda ya saba da layin ya san haka. Na ce bari in gwada kaina. Wata mata ta kama ƙofar tana ja, na soma ƙirge a zuci don in ga iya shirun da zan iya. Ban kai huɗu ba na ji hannuna a kan ƙofar, tare da hannun mutum biyu. Ashe shi ya sa ba wanda ya taɓa gyara ta. Kullum akwai mai taimako, don haka direban bai ma san ƙofarsa na da ciwo ba. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, na yini ina juya shi.

Baba kuwa ya dinga zille mini. Yau ya ce kasuwa ta cika, gobe ya ce hannunsa duk kitse, jibi ya ce in gwada da Kawu. Kawu shi ne maƙwabcinsa na rumfa, wani dattijo mutumin Maraɗi mai murya kamar ganga, wanda ba mai wucewa ta layin mahauta bai ƙwala masa kira ba. Da na ga kwana shida sun tafi a banza sai na ajiye kunya na faɗa masa kai tsaye.

"Baba, in ba ka yi ba, shekarar nan zan maimaita."

Ya juya kofin shayinsa. "Kalas, shi ke nan," in ji shi. "Ki zo Talata bayan azahar."

Talatar ana zafi irin wanda kwanon rumfa ke yin ƙara shi kaɗai. Nama ya kusa ƙarewa, saura cinya guda da 'yan kayan ciki. Na ɗaure wayata a jikin ginshiƙin rumfar da gefen mayafina don ta ɗauki hoto, na sa saniyar a tasa wayar. Na yi masa bayanin da doka ta yarda in yi, wato wata ta yi sautun hanta, ina so ya gano ko wace ce. Daga nan na mayar da hannuwana baya, na damƙe wuyan hannun dama da na hagu.

Baba ya goge hannu a tsumma, ya karɓi wayar. Ya nesanta ta. Ya matso da ita har ta kusa taɓa hancinsa. Ya juya wa haske baya, ya sake juyowa. Sannan ya miƙo mini ita yadda ya saba.

"Uwata, duba mini."

Ban karɓa ba. Tunda nake ban taɓa barin hannun Baba a miƙe ba. Ya tsaya haka, hannu a iska, ni kuma ina kallon ƙasa, kunya kamar ta kashe ni. Ya ɗan jira, da ya ji shiru sai ya janye hannun a hankali.

Daga nan ne na fara kallo na gaskiya, don ba abin da ya rage mini sai kallon. Na lura ba tsakiyar wayar yake duba ba, fuskarsa a ɗan karkace take, yana leƙenta ta gefen ido. Na ga ya ɗora babban yatsansa a kan gilashin yana shafawa daga sama zuwa ƙasa, a hankali, yana ɗan dannawa. Na san wannan shafar. Haka yake yi wa cinya in yana neman gaɓar da wuƙa za ta shiga. Amma gilashi ba shi da gaɓa. Ya danna wuya, ya danna wutsiya, ya danna inda babu saniyar ma sam. Da farko abin da ke raina shi ne lambobin sun yi ƙanana, gobe in ƙara musu girma. Har na fara tsara jimlar da zan rubuta wa Madam.

Sai Kawu ya ɗaga murya daga rumfarsa. "A'a, Hajiya mai abinci ta bakin tasha! Afe, afe, lale marhabin! Yau ke da kanki?"

Nan take Baba ya ajiye wayar, fuskarsa ta sake. "Hajiya, sannu da zuwa. Tsoka ko, kamar kullum?" Ya jawo cinyar, ya shafa ta, ya sa wuƙa. Yanka uku, ba ko ɗaya da ya kauce. Amma ni da aka hana ni komai sai ido, na ga abin da ban taɓa gani ba: ba ya kallon naman. Idonsa na can wajen kafaɗar Hajiya. Da zai auna, yatsunsa ne suka bi duwatsun ma'auni ɗaya bayan ɗaya har suka tsaya a kan na kilo, kuma da tafin hannu ya taɓa kwanon ya ji ko ya daidaita. Ya ɗora gyara, ya ƙulle, ya miƙa ta wajen da muryarta take.

Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ya fi shekara rabon da in ga ya buɗe Alƙur'aninsa, ya ce ya fi jin daɗin karatu da ka. In zai zuba shayi yakan sa yatsa a bakin kofi, ni ina cewa tsufa ne ya kawo sabon salo. Ba ya gaida mutum sai mutumin ya fara magana, har wasu na cewa ya soma girman kai. Ni kuma kullum ina gabansa da buta, da takalmi, da waya, ban taɓa barin ya nemi abu ba balle in ga yadda yake nema. Baba ba ya gani sosai, kuma ya daɗe a haka.

Hajiya ta tafi, ya koma ga wayar. Minti bakwai gwajin ya ɗauka, agogon bidiyon ne ya faɗa mini daga baya, ni dai a wurina yini ne. A ƙarshe ya kife ta a kan tebur.

"Abin naki ya yi kyau, Uwata. Allah ya yi albarka."

Na kwance wayata na tafi. A bayan rumfunan masu albasa na tsaya na yi kukana.

Kwana biyu ina kallon bidiyon nan ni kaɗai. Ta fuskar Madam ba shi da aibu, ban yi tari ba ma. Maki biyar ne cif a hannuna, kuma rahoton da zai biyo bayansa shi ne irin wanda take nema. Amma aji za a nuna wa, kuma a ajinmu akwai 'yan Habbena biyu da iyayensu mata ke sayen nama a wurin Baba. Mahaucin da aka ce ba ya ganin wuƙarsa, wa zai sake tsayawa a gabansa? Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana rufa wa kansa asiri, ni 'yarsa ce zan haska shi a bango don maki? Na sake yin lissafi. In babu bidiyo biyar sun tafi, rahoton kuma ya zama ƙarya ko rabin gaskiya, ita kuwa Madam tana jin warin rabin gaskiya daga nesa. Ko na yi wa kaina kara, tara nake gani. Haushi ya kama ni, na Madam da takardarta, na Baba da ɓoyonsa, na kaina da na fi kowa makanta a gidan.

Da na rasa abin yi sai na koma ga aikin. Na goge saniyata, launukan da na yi mako uku ina zaɓa duk suka tafi. Na raba fuskar wayar gida biyu kawai. In ka danna sama, wayar ta karanto maka sautun da murya, wance tana son kaza. In ka danna ƙasa, ta aika wa matar cewa an ji, an ajiye mata. Sannan na samo zare mai ɗan kauri, na shimfiɗa shi a tsakiyar gilashin, na manne da salatif. Muni dai ya yi muni, kamar wayar da ta yi haɗari.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baba na zaune a tabarma a tsakar gida. Na durƙusa na sa masa wayar a hannu, ban ce komai ba. Yatsansa ya bi gilashin, ya ci karo da zaren, ya tsaya. Ya bi shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ya danna sama, muryata ta fito tana cewa Hajiya mai abinci tana son hanta rabin kilo. Ya danna ƙasa, wayar ta ce an aika. Ko ƙirga goma ban yi ba ya gama.

Bai ɗago ba. Yatsansa na kan zaren.

"Kin gani ke nan," in ji shi.

"Na gani, Baba."

"Hoton da kika ɗauka, su wa za su kalla?"

"Duk ajinmu. Amma doka ta ce in ka ce a goge, sai a goge."

"In an goge fa?"

"Maki biyar sun tafi."

"Shekarar kuma?"

Na yi shiru, wannan karon ba don maki ba. Ya gane. Ya sake shafa zaren nan.

"Ki nuna musu. Amma ba daga bakin yaran makaranta layin mahauta zai ji ba. Gobe ki raka ni, ni zan faɗa da bakina."

Na ce masa a bari, na ce zan maimaita shekarar, ba mutuwa ba ce. Ya ce in tashi in ɗora masa shayi.

Da safe muka tafi tare. Ya rataye namansa, ya wasa wuƙa, ya gyara tsayuwa kamar mai shirin shiga gaban alƙali, sannan ya kira Kawu. Kawu ya zagayo yana goge hannu.

"Alhaji, wata magana zan faɗa maka, ka faɗa wa sauran," in ji Baba. "Idona ya tafi. Ya fi shekara biyu ina ganin mutane kamar inuwa."

Kawu ya dube shi, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ginshiƙi.

"Yo wannan ita ce maganar? Kai mi kake tsammani? Ni mahaukaci ne da zan riƙa ƙwala wa kowace mata kira da sunanta da unguwarsu tun daga bakin layi? Maƙogwarona har ciwo shikai! Duwatsun ma'auninka wa ke jera maka su daga ƙarami zuwa babba kowace safiya kafin ka iso? Aljannu?"

Baba ya ajiye wuƙarsa.

"Duk layin nan an sani," in ji Kawu, muryarsa ta sauka. "Su Hajiya ma sun sani. Hannunka ya fi idon wasu, shi ya sa ba su bar ka ba. Mun ga ba ka so a faɗa, muka ƙyale ka."

Baba ya juya mana baya, ya kama cinya yana ta gyara mata rataya, alhali ba abin da ya same ta. Ni kuwa ina tsaye abin duniya ya ishe ni. Kasuwa guda ta haɗu ta tsara wa mutum ɗaya hanyar da zai bi ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ba zane, ba rahoto, ba wanda ya ba su maki. Kuma saboda sun iya aikin sosai, shekara biyu ba wanda ya ce masa ya je asibiti. Har yau ban gama yanke hukunci a kan wannan ba. Wani lokaci in ga ba abin da ya fi shi kyau, wani lokaci in ji kamar in je in zazzage su duka, har da ni. Bayan wata biyu ni da Goggo muka kai shi aka duba, aka ce yanar ido ce, aka yi masa aiki a ido ɗaya. Goggon ma ashe ta sani.

Ranar da aka nuna bidiyon ba wanda ya yi dariya. Da aka zo inda Baba ya miƙo wayar ya ce in duba masa, wata 'yar ajinmu ta rufe fuska da littafi. Madam ta lumshe ido kamar wancan karon, biro a hannu, amma ba ta ja layi ko ɗaya ba. Da aka gama ta karɓi wayar Baba da na aro, ta rufe ido, ta shafa zaren, ta danna sama da ƙasa. Ta ce salatif ɗin zai ɓare cikin mako guda a hannun mai kitse, in nemi dabarar da ta fi wannan. Ko sannu ba ta ce mini ba a gaban aji. Sai da kowa ya fita ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce in gaida mahaifina, in ce masa ta gode.

Goma sha huɗu na samu. Uku a zane, uku a abin da na ƙera saboda salatif, uku a rahoto don ta ce na cika shi da yadda na ji a inda aka ce in rubuta abin da na gani. Biyar cif a shiru. Gyara kuwa ko ƙwaya babu.

Na kawo takardar gida da yamma. Lokacin ba a yi wa Baba aikin ido ba tukuna. Ya karɓa, ya shafa ta, ya miƙo mini.

"Uwata, duba mini."

Na karɓa da hannu biyu, da sauri har na kusa yaga ta. Na karanta masa layi-layi, yana gyaɗa kai, har na zo na ƙarshe.

"Biyar cikin biyar," ya maimaita. "Wannan na mene ne?"

"Na yin shiru ne, Baba."

"Na barin ubanki da hannu a miƙe a tsakiyar kasuwa?"

Na sunkuyar da kai. "E, Baba."

Ya kurɓi shayinsa. "Malamar taku ba ta da kunne, in ba haka ba da ta rage miki."

"Ban ce komai ba fa, Baba. Ko motsi ban yi ba."

"Bakinki ne bai ce ba," in ji shi. "Awarwaron uwarki kuwa tun da na miƙo miki wayar suke kaɗawa a bayanki, a hankali, ba su tsaya ba har na ajiye ta. Ina jin su. Shi ya sa ban yi fushi ba."